Tambaya da Amsa: Hotunan jikoki a sitatus, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. Ɗana da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya kunna mini wani fim na labarin gaskiya, na wani Ba'amurke da ya cika gidansa da kyamarori duniya tana kallonsa dare da rana har ya nemi zaucewa. Da muka gama kallo sai yaron ya ce wai ni ma hanyar da na kama ke nan, tunda ina sa hotunan jikokina da na biki a sitatus ɗin WhatsApp. Raina ya ɓaci. Ba bayan kwana ɗaya abin ke gogewa da kansa ba? Kuma ai 'yan'uwa ne kawai ke gani.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron ya yi kaushin harshe, ki ja masa kunne a kan wannan. Amma kada ki yar da maganarsa gaba ɗaya.

Daga bayaninki, fim ɗin shi ne We Live in Public na shekarar 2009, wanda Ondi Timoner ta shirya a kan Josh Harris, wani attajirin farkon zamanin intanet. A Disambar 1999 ya tara mutane kusan 100 a wani gini na ƙarƙashin ƙasa a birnin New York. Ci da sha da makwanci duk kyauta, sharaɗi ɗaya ne: kyamara tana ko'ina, har banɗaki, kuma duk abin da ta ɗauka mallakarsa ne. 'Yan sanda suka rufe wurin ranar 1 ga Janairun 2000. Daga nan ya juya abin a kansa, ya kafa kyamarori wajen 30 a gidan da yake zaune da budurwarsa. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne idan suka yi faɗa: maimakon su zauna su sasanta, kowa sai ya garzaya gaban kwamfuta ya duba wa 'yan kallo suka ba gaskiya. Ƙarshe ta tattara kayanta ta tafi, dukiyarsa ta narke lokacin da kasuwar kamfanonin intanet ta faɗi, ya koma noman tuffa a ƙauye.

A lokacin ko wayar salula ba ta kankama a Najeriya ba, sai a 2001. Facebook kuwa sai 2004. Abin da ya ci wa mutumin nan maƙudan kuɗi yana cikin jakar kowace uwargida yanzu. Kuma cinikin bai canza ba: manhaja kyauta, mu kuma mu biya da hotunanmu da labarinmu, ba tare da wani ya tilasta mana ba.

To, batun gogewa. Gaskiya ne sitatus yana sauka bayan awa 24. Amma yana sauka ne daga inda kika liƙa shi, ba daga wayar wanda ya ajiye ba. Sikirinshot ɗaya ya isa, kuma WhatsApp ba zai sanar da ke wani ya ɗauka ba. Daga nan sai guruf ɗin dangi, sai na tsofaffin ɗalibai, sai wani ya sa masa kiɗa ya ɗora a TikTok. Kina iya goge naki, ba ki da iko da na hannun mutane.

Sai maganar cewa 'yan'uwa ne kawai ke gani. Idan ba ki taɓa canza saitin ba, duk wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki yana gani. Buɗe wayar ki karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Za ki tarar da telan da ya ɗinka miki kayan sallah shekaru uku baya, da mai kawo gas, da mai adaidaita, da dillaliyar da kuka yi ciniki sau ɗaya a babbar kasuwa. Gidan Bahaushe yana da zaure, yana da shigifa, sannan cikin gida, kuma ba kowane baƙo ke wuce zaure ba. Sitatus da ba a saita ba ya shigo da su duka har tsakar gida.

Ni damuwata ba fuskar yaro ba ce ita kaɗai, abin da ke kewaye da fuskar ne. Ɗauki hoto guda: jikanki sanye da kayan makaranta da safe, yana murmushi a ƙofar gida. Bajon da ke ƙirjinsa ya faɗi makarantarsa. Fentin get da shagon da ke gefe sun faɗi layinku. Lambar motar babansa ta fito a baya. Lokacin da kika ɗora ya faɗi sa'ar da yake fita. Ki ƙara da rubutun da kika yi a ƙasa, mai ɗauke da sunansa na yanka da na gida. Wanda bai taɓa taka unguwarku ba yanzu yana iya tsayawa a bakin makaranta ya kira yaron da sunan da kakarsa kaɗai ke kiransa. A jihar da mutanen Isa da Sabon Birni suka san ɓarnar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke yi, wannan ba abin wasa ba ne. Haka hoton lefe akwati-akwati, da sarƙar gwal, da sanarwar cewa gida duka an tafi Umra. Katin shiga jirgi ma, zanen layukan da ke jikinsa yana ɗauke da suna da lambar tikiti. 'Yan damfara kuma suna son ranar haihuwa da sunan mahaifiya, don da su suke kira su ce daga banki ne.

Akwai kuma hakkin masu hoton. Jikoki naki ne, babu musu, amma suna da uwa da uba. Surukarki tana iya jin nauyin ce miki ba ta so a sa hotonta tana jego, fuska a kumbure, a gadon asibiti. Shirunta kunya ce. Ki tambaye ta a keɓe, ko ki aika ɗanki, mijinta, ya ji ta bakinta. Yarinyar da aka ɗauka tana wanka a baho tana shekara biyu kuwa, wata rana za a zo neman aurenta.

Doka tana nan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma a Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba mutum damar neman kamfani ya goge bayanansa. Sai dai ƙarfinta a kan kamfanoni da hukumomi yake. Ba za ta bi wayoyin mutum 200 ta ciro hoton jikanki ba.

Ban ce ki daina ba. Zumunci ne, kuma 'yar'uwarki da ke aure a Kaduna tana son ganin yaran. Shiga saitin sirri na WhatsApp, wajen sitatus, ki zaɓi a nuna wa waɗanda kika ware kaɗai, ki tsaya kan mutanen da za ki bari su shiga ɗakinki. Hoton tafiya ki bari sai kun dawo. Kafin ki ɗora kowane hoto, ki faɗaɗa shi da yatsa ki duba bayan mutum da gefensa, ki yanke bajo da lambar mota. Hoton takardu, na NIN ne ko na alat ɗin banki, kada ya hau ko kaɗan. Idan za ki tura wa mutum ɗaya, ki tura shi a matsayin hoto, don wanda aka tura a matsayin fayil yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauke shi.

Tunda shi ya tayar da maganar, ki miƙa wa ɗalibin naki wayar ya gyara miki saitin a gabanki kina kallo. Idan ya gama, ki ce ya buɗe nasa shafin ku duba tare.