Tsaga a bangon gidan da zan saya: wane bincike ya kamace ni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina cinikin wani tsohon gidan bene. Da na zagaya sai na ga tsaga a bangon falo, ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, ƙofar da ke kusa da ita kuma ba ta rufuwa sai an danna. Wani ya ce in sa a yi wa gidan cikakken bincike, wani kuma ya ce injiniya kawai zan kira ya duba tsagar. Shin ba duk ɗaya ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ɗaya ba ne, kuma duk mutanen biyu suna da gaskiya.

Cikakken bincike na gidan ne baki ɗaya. Mai binciken zai bi shi tun daga rufi har ƙasa: kwano da katakon da ke riƙe da shi, silin, bango, daɓe, tagogi, magudanar ruwa, inda danshi ke tasowa, inda gara ta yi ɓarna. Daga nan ya rubuta rahoton abin da ya lalace, da wanda ke neman gyaran gaggawa, da wanda zai iya jira. A Ingila ƙungiyar masu wannan sana'a, RICS, ta kasa shi mataki uku, na ukun shi ne mafi zurfi, shi ake yi wa tsofaffin gidaje da waɗanda aka sauya wa fasali. Sai dai yawancin aikin na ido ne. Ba zai fasa daɓe ko ya tona tushe ba, tunda gidan bai zama naka ba tukuna. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, don haka idan ya iso kan tsagarka zai gane akwai magana, kuma galibi abin da zai rubuta shi ne a nemo injiniyan gini.

Shi kuwa injiniya matsala guda ake kiransa a kanta, ya bi ta har gindinta. Me ya kawo tsagar? Ta tsaya ko tana ƙaruwa? Ginin zai ci gaba da ɗaukar nauyinsa? Zai auna faɗinta, ya leƙa bayan bangon ya ga ko ta ratsa bulo ne ko a filasta kawai ta tsaya. Zai duba ko sama ta fi buɗewa ko ƙasa, domin wannan ne ke nuna sashen da ya motsa. Idan mai gida ya yarda, yakan sa a haƙa ɗan rami a gindin bango a ga zurfin tushe da irin ƙasar da ya zauna a kai. Ƙasa mai yumɓu tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe. Babbar bishiya kusa da gini tana zuƙe danshinta, bututun da ke yoyo a ƙarƙashi kuma yana sassauta ƙasa ko ya kwashe ta. Wani lokaci injiniyan yakan manna ɗan ma'auni a kan tsagar, ya riƙa dawowa yana karantawa har wasu watanni kafin ya yanke hukunci.

Cibiyar binciken gine-gine ta Ingila, BRE, ta tsara tsagu gwargwadon faɗinsu. Wadda ba ta wuce milimita 5 ba yawanci ta ado ce, cikewa ake yi. Daga 5 zuwa 15 sai an buɗe an yi gyara na gaske, daga 15 zuwa 25 akan sake gina sashen bangon, abin da ya haura 25 kuwa babban aiki ne, har yakan kai ga tokare ginin. Amma kada faɗi kaɗai ya kwantar maka da hankali. Ni siririyar tsaga mai ƙaruwa ta fi tayar mini da hankali a kan babba wadda ta daɗe da tsayawa.

Alamu biyun da ka ambata, tsaga a karkace daga kusurwar taga da ƙofa mai cijewa, idan suka haɗu a wuri guda sukan nuna cewa wani sashe na ginin ya motsa. Ba lallai ne abin ya yi muni ba, amma ya isa a kira injiniya. Shawarata ka fara da shi, tunda amsarsa ce za ta nuna ko cinikin ya cancanci ci gaba. Idan ya ce abin mai gyaruwa ne, sai ka sa a yi cikakken binciken, domin rahoton injiniyan ba zai ce komai a kan yoyon rufi ko danshin bayan gida ba.

Kafin ya zo, ka roƙi mai gidan kada a shafe tsagar da siminti ko fenti. Shafewar tana ɓoye shaidar da ake nema. Ka ɗauki hotonta da ma'auni a jikinta, ka rubuta kwanan wata. Ka tambaya ko an taɓa cire wani bango a ƙasa ko an ɗora benen daga baya, don tushen da aka yi wa gida mai hawa ɗaya ba lallai ya ɗauki na biyu ba. Sannan ka tabbatar injiniyan yana da rajista, kuma ya ba ka rahoto a rubuce da sa hannunsa, mai bayyana musabbabin tsagar da irin gyaran da take bukata, don da shi za ka koma teburin ciniki.