Kalmar "linear" a kwalin LNB da kan tebur ɗin caji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da rumfar cajin waya a wani ƙauye kusa da Ringim, ina kuma ɗaura wa mutane dish. Ina ganin "linear" a kwalin LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, kuma na ji masu gyara suna kiran 7805, 'yar na'urar rage ƙarfin wuta, da wannan suna. Abu ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kalmar ɗaya ce, aikin ne daban. Asalinta daga Latin ne, linea, wato zare ko layi, shi ya sa ake laƙaba ta ga abin da ya miƙe sambal.

A LNB, tana nufin siginar tauraron ɗan Adam tana zuwa ne a tsaye ko a kwance, su ne V da H ɗin da kake gani a dikoda. Kishiyarta ita ce mai zuwa a murɗe kamar tufkar igiya, wadda ake rubuta wa L da R. Dikoda ce ke zaɓar V ko H ta cikin wayar da ta haɗa ta da LNB: volt 13 na V, volt 18 na H. To ga inda ake shan wahalar banza. Idan wayar ta cika tsawo, ko ruwan damina ya shiga mahaɗinta ya yi tsatsa, volt 18 ɗin ba ya isa cikakke. Sai tashoshin H su ɓace, na V suna nan daram, mai gida ya ce iska ta goce dish, a hau kwano ana ta juyi. Fara yanke bakin wayar ka sake mahaɗi. In LNB ɗin universal ne, ka tabbata lambobinsa a dikoda 9750 da 10600 ne. Sannan ka sassauta abin riƙonsa, ka murɗa shi kaɗan-kaɗan kana duban ingancin sigina, ba ƙarfinta ba.

Shi kuwa 7805, yana sauko da wuta zuwa volt 5 ne ta hanyar ƙona rarar ta zama zafi; mai irin wannan aiki ne masu gyara ke kira "linear". Yi lissafi da batirin solarka mai volt 12: rarar volt 7 ce, idan wayar hannu na jan amfiya 1, watt 7 ya tafi a zafi, watt 5 kacal ya shiga wayar. Fiye da rabi ke nan. Da ya ɗau zafi sosai zai kashe kansa, caji ya riƙa yankewa, musamman a watan Afrilu ƙarƙashin rufin kwano. Ga mai sana'a irin taka, asara ce. Nemi ƙaramin allon LM2596, shi ma mai sauko da wuta ne, amma yana isar da kusan kashi 80 cikin 100 na wutar. Amma ka saita shi da mita zuwa volt 5 kafin ka jona wayar kowa, don ba lallai ya zo a saice ba.

Tambaya: Malam, daga Gwarzo nake. Cajin wayata yana saurin kaiwa kashi 80, daga nan sai ya koma tafiyar hawainiya. Batirin ne ya lalace?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, ɗan'uwa. Cajin batirin lithium ba "linear" ba ne, wato ba ya tafiya da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. Da ya kusa cika, wayar da kanta take rage wutar da ke shiga don kada ya yi zafi. Abin damuwa shi ne in bayan wayar ya kumbura, ko ta faɗo daga 30 ta mutu nan take. Wannan kam a canza batir.