Amsa: Tafinta kaɗai zai wadatar wajen binciken al'adu?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko za ka iya binciken al'adun wata al'umma da tafinta kaɗai, ba tare da ka koyi harshensu ba. Za ka iya farawa da shi, amma ba zai kai ka ga zuciyar magana ba. Ka koyi harshen, ko da gwargwadon gane abin da ake faɗa a gabanka ne. Masanin al'adu Bronislaw Malinowski ya zauna a tsibiran Trobriand da ke gabashin New Guinea tsakanin 1915 da 1918, kuma da harshen mutanen ya yi aikinsa, shi ya sa ya fahimci musayar sarƙoƙi da awarwaro da suke kira kula.

Na taɓa yi wa wata dattijuwa tambaya kan zaman makoki. Ta daɗe tana bayani, muryarta na rawa, sai tafinta ya juyo ya ce, "Ta ce al'adarsu ce." Bayan watanni, da kunnena ya buɗe, na sake sauraron muryar da na naɗa, ashe ta zayyana wanda ke da hakkin fara kuka da dalilinsa. In dole sai da tafinta, ka nemi izini ka naɗi kowace hira.