Na tsufa, wane aikin gyaran ƙasa zan iya yi a Tahoua?

Baba, kun ce ƙarfi ya ragu, amma kuna son sa hannu a yaƙi da hamada. To, ku bar wa samari haƙar tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwan sama, ku riƙe duba aikin. Da rani ake haƙa ramin: faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi kamar 15, a zuba taki hannu biyu. Ƙasar da aka tono a tara ta ɓangaren gangare, don ta tare ruwa. Yara kan juye ta sama, ruwan ya wuce. Takin ya zama ruɓaɓɓe, ɗanye kan ƙone tsiron gero.

Sai kuma gawo. In kututture ya tofo, ku zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a sare sauran. Awaki ne matsalar, kuma maganarsu gaban maigari ta dattawa ce.