Ina zan wanke hotunana don kada su koɗe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne, na tara hotunan Hawan Sallah da na tsofaffin gine-ginen ƙasa da nake son in baje kolinsu in sayar. Waɗanda na wanke a wani shago sun koɗe tun ba a je ko'ina ba. Yaya zan zaɓi wurin wanki da takardar da ta dace? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka fara da tambayar mai wurin irin tawadar da injinsa yake amfani da ita. Tawada mai narkakken rini tana da kyau a ido, amma hasken rana yana saurin cinye ta. Ta figiment kuwa, irin UltraChrome ta Epson ko Lucia ta Canon, ƙananan ƙwayoyin launi ne masu jure haske, kuma tana iya daɗewa shekaru da dama idan an adana hoton da kyau. Duk wanda ya kasa faɗa maka sunan tawadarsa da na takardarsa, ban ga dalilin da za ka ba shi aikin da za ka sa wa hannu ba.

Batun takarda kuwa, hoton ne yake zaɓa. Hotunan soraye da ganuwa, musamman baƙi da fari, sun fi dacewa da takardar auduga zalla marar sheƙi, kamar Photo Rag ta kamfanin Hahnemühle na Jamus mai nauyin giram 308 a murabba'in mita, domin tana fito da zanen bango a natse. Sai dai fuskarta ba ta son gogayya, don haka a sa ta a firem mai gilashi, a bar rata tsakaninta da gilashin saboda laimar damina. Hotunan hawa, inda ake son jan rigar dogarai da ƙyallin kayan doki su fito sosai, sun fi son takardar barita mai ɗan sheƙi, irin Baryta Photographique ta Canson, wadda baƙinta ya fi zurfi. Ka kuma guji takardar da aka cika wa sinadarin ƙara fari, domin yana gushewa da daɗewa, farin ya dusashe.

Kada ka tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar tana matse shi. Ka kai fayil ɗin TIFF, wato nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage ingancinsa, a filash. Kafin ka biya kuɗin babban bugu, ka nemi a buga maka ɗan yanki a kan takardun biyu, ka dube su a hasken rana kusa da taga, saboda allon kwamfuta yakan nuna hoto da haske fiye da yadda zai fito a takarda.