Baba ya faɗi sau biyu da ƙafar roba, ko mu zaunar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An yanke wa mahaifinmu ƙafar hagu a ƙasan gwiwa saboda ciwon suga, aka yi masa ta roba. Da farko har masallaci yake zuwa. Kwanan nan ya zame a banɗaki, sannan da asuba ya faɗi yana saukowa daga gado. Yayyena sun ce a saya masa keken guragu ya huta. Mene ne shawararka?
Wata 'ya daga Gwale, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Don Allah kada ku zaunar da shi. Dattijon da aka hana tafiya, cikin 'yan makonni cinyoyinsa za su saki, ranar da ya tashi kuma faɗuwar sai ta fi ta baya muni. Ba shi kaɗai ba ne: wani bincike da aka yi a Kanada, aka wallafa a 2001, ya gano fiye da rabin masu ƙafar roba sun faɗi cikin shekara guda.

Faɗuwar asuba ta fi damuna. Bayan an yanke ƙafa, ƙwaƙwalwa takan ci gaba da jin kamar tana nan. Mutum ya farka da magagin barci, ya manta ya cire ta roba tun dare, ya taka, sai iska. Ku bar fitila a kunne, ku ajiye kujera da sandunansa a gefen da yake sauka, da fo kusa da gado. In ya farka ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe, domin maganin hawan jini da saukar suga duk suna kawo jiri.

Sai ki duba dungun da idonki. Yakan motse a watannin farko, kwandon ƙafar roba da yake shiga ya yi masa yawa, ƙafar ta riƙa cangal-cangal. In kin ga jan tabo da bai baje ba bayan an cire ta, ko yana jin dungun na nutsewa, ku koma wurin waɗanda suka haɗa ta, ko sashen ƙafar roba na Asibitin Ƙashi na Dala. Wani lokaci ƙarin safa ɗaya ke gyarawa. Kada ku cusa tsumma.

Banɗaki kuwa, tsugunno ya ƙare. A samo kujera mai rami, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, alwala ma a zaune. Ku naɗe tabarmar da bakinta ya tashi.

Sanda a hannun dama zai riƙe, tunda hagun ce ta roba. A matakala ya hau da lafiyayyar, ya sauka da ta roba. Kuma kada ya sauya takalmi da mai tudun dunduniya dabam, domin da tsayin dunduniyar wanda yake sawa aka daidaita ƙafar. Ita ma lafiyayyar a riƙa duba tafinta kullum, suga yakan kashe jinta.