Amsar Baffa a kan tambayar "yana da tsoron Allah?"

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanenka ya karanta mini shi bayan la'asar. Ka ce abin yana ɗaure maka kai, wai in zaɓe ya matso mutanen garinmu ba sa tambayar me ɗan takara zai yi, sai dai "yana da tsoron Allah?" Har kana ganin rashin wayewa ne. To, wannan tambayar ta girme ka, ta girmi ubanka.

Kakanka ɗan NEPU ne, jam'iyyar su Malam Aminu Kano, tun farkonta, ita kuwa a Kano aka kafa ta a 1950. Ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Abin da ya kai shi cikinta, wata shekara damina ta yi gardama, lokacin haraji ya zo, maƙwabcinmu ya rasa abin biya. Aka shanya shi a rana a ƙofar gidan dagaci, aka kuma ja akuyar matarsa, wadda ba ruwanta da lissafin. Ran nan kakanka bai taɓa tuwo ba. Har ya rasu maganarsa ɗaya ce: Allah ya haramta wa kansa zalunci, balle bawa. Da ya ji Malam Aminu Kano yana jawo aya, yana tuna wa mutane abin da Shehu Usmanu ya yaƙa, sai ya ce ga nasa.

Wan kakanka kuwa ɗan NPC ne, jam'iyyar su Sardauna mai alamar fartanya, kuma kada ka ɗauka kwaɗayi ne ya kai shi. Shi ma da ayarsa: a bi Allah, a bi Manzo, a bi shugabanni. A wurinsa ɗaga wa sarki murya fitina ce, ita kuwa fitina ba a san inda za ta tsaya ba. Sahu ɗaya suke salla, kafaɗa da kafaɗa, amma sun daɗe ba su sa hannu a akushi ɗaya ba. Kakarka ce ke aika wa gidan wan da fura a ɓoye.

Da PRP, sabuwar jam'iyyar Malam Aminu, ta ci Kano a 1979, gwamnanta Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali (lokacin mu ma Kano muke, sai 1991 aka yanke Jigawa), tsofaffi cewa suka yi Allah ya amsa addu'a. Ko da jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, gardamar da ake yi a gindin bishiya ita ce wa ya ci amanar Malam.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, 'yan siyasar yanzu sun gano bakin zaren. Zaɓe na matsowa sai ka ga dogon carbi, a shafa wa masallaci fenti, a sauke buhun shinkafa a gidan liman da dare. Ni carbi ba ya ruɗa ta. In na yi waccan tambayar, so nake in ji yadda ya yi da gadon marayun gidansu, ko yana biyan 'yan ƙwadagon gonarsa kafin rana ta faɗi, ko ya taɓa cin iyakar gonar wani. A ƙauye waɗannan ba sa ɓuya.

In za ka zo hutu, ka taho mini da man zafin nan na gwiwa, wancan ya ƙare.